Ƙugun Jitar Kawu

Ban iya kaɗa jita ba, kuma a shekarar da nake ba da labarinta ko a cinya ban taɓa ɗora ta ba. Wannan bai hana ni yanke wa kaina hukunci cewa ni ne zan ceci sana'ar ƙera jita a Mubi ba. A lokacin ina koyar da zanen fasaha a wata makarantar sakandare. Mutumin da ya daɗe yana koya wa yara jan miƙaƙƙen layi yakan fara ganin duk abin da ya karkace a duniya shi yake jira.

Mai sana'ar kawuna ne, yayan mahaifiyata. Gidanmu irin gidajen unguwarmu ta Lamorde ne da yawa: mahaifiyata ta musulunta da za ta auri mahaifina, shi Kawu ya zauna a cocinsa. Ranar Sallah yana cikin na farkon zuwa cin nama, ranar Kirsimeti kuma ni ake aika wa in je in yanka masa akuya don mu ma mu samu mu ci. Kafinta ne, ƙofa da benci da gado su ke ciyar da shi, amma jita ita ce zuciyarsa. Cocin ƙauyuka daga Betso har wajen Uba, in ka ji ana kaɗa jita da safiyar Lahadi, da wuya ba daga rumfarsa ta fito ba. A jikin bangon rumfar yana rataye da samfur ɗinsa, wasu siraran katakai da ya yanke daidai da siffar jikin jita da wuyanta, sun yi baƙi don yawan taɓi. Su yake ɗorawa a kan sabon katako ya bi gefensu da fensir.

A ƙarshen 2014 garin ya watse. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kowa a Mubi yana da nasa labarin, nawa bai fi na kowa ba. Ni da iyalina mun ƙare a Yola. Kawu ya bi ta kan duwatsu da ƙafa, ya yi kwanaki kafin ya samu inda zai zauna. Da muka dawo, rumfarsa ta zama toka, samfur ɗin duk sun tafi. Ya kuma dawo da wani abu da bai tafi da shi ba: hannunsa na dama yana rawa. In ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafa da hagu. Zarto ya fi ƙarfinsa, fensir ma ya daina jin maganarsa.

Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na san abin da ke cin sa. 'Ya'yansa babu wanda ya koyi aikin. Siffar jitarsa ba ta cikin littafi, tana jikin katakan da suka ƙone da kuma hannun da ya daina biyayya. Idan ba a yi wani abu ba, za ta riga shi mutuwa yana kallo. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma tausayina ya zo tare da dabara, domin ni ban iya jin tausayi hannu sake ba.

A watannin Yola na yi aikin wucin gadi a shagon wani mai sassaƙa allunan suna. Yana da inji, tebur ne mai hannun ƙarfe da ke tafiya gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, a bakinsa akwai wani ɗan haƙori mai juyawa. Ka zana abu a kwamfuta, injin ya bi zanen ya yanke shi a katako, hannunsa ba ya rawa, ba ya gajiya, ba ya zuwa jana'iza. Da mai shagon ya sayi babba, sai na sayar da babur ɗina na koma Yola na ɗauko ƙaramin.

A wani shingen bincike a hanya, soja ya tsayar da motar hayar da na shigo, ya ɗaga tamfol ya ga wayoyi sun fito ta ko'ina.

"Wannan menene?"

"Injin jita ne, ranka ya daɗe."

"To kaɗa mu ji."

Na ce ai ba ya kiɗa, yankan katako yake yi. Ya dube ni, ya dubi wayoyin, ya ce kowa ya sauka. Mun fi awa a rana ina bayanin kwamfuta ga mutumin da bai tambaye ni darasi ba. Daga nan har Mubi babu fasinjan da ya sake amsa mini magana.

Muka kafa injin a sabuwar rumfar da muka yi wa Kawu da kwanon da ya tsira. Ya zauna a kujera a bakin ƙofa, ya ce shi ɗan kallo ne. Tun ina yaro yake kira na da sunana, amma daga ranar da injin ya shigo sai na koma Ticha.

Abin da ba a gaya mini a Yola ba shi ne, a can ni mai share ƙura ne da danna maɓalli ɗaya, tunanin duk na mai shago ne. Injin ba ya gani. Sai ka gaya masa inda katako ya fara da inda ya ƙare da kaurinsa. Ranar farko na manta ban gaya masa kaurin ba. Ya ratsa katakon ya wuce, ya shiga sassaƙa teburin kansa da himma.

"Ticha," in ji Kawu, "injin naka ya gama tuwo, yana cin kwano."

Haƙori na farko ya karye a nan. Na biyu ya karye a jikin katakon maɗobiya, don na sa shi gudu. Da na rage gudun sai ya tsaya yana ƙona maɗaci, rumfa ta cika da hayaƙi mai ɗaci. Kowane haƙori sai an aika Kano, direba ya kawo bayan mako biyu, in bai manta ba. Wata rana ban ɗaure katako da kyau ba, ya tashi ya bugi bango, taku biyu daga kan Kawu. Shi dai ya ja kujerarsa waje. Wutar lantarki kuwa ba a maganarta, janareta muke amfani da shi, kuma in ya yi tari sau ɗaya injin ya manta inda yake. Sai ya ci gaba da aiki daga inda ya ga dama, yawanci ta tsakiyar abin da na yi kwana uku ina lallaɓawa.

A hankali na koyi hankali. Na koyi in fara sa shi ya bi zanen a iska, ɗan yatsa biyu sama da katako, in ga inda zai bi kafin in bar shi ya taɓa komai. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallon injin da ke ihu yana yankan iska. Wani Alhaji ɗan Borno da muke sayen katako a wurinsa ya tsaya ya kalla har ƙarshe, ya tambayi Kawu me aka yi.

"Aikin ofis ne, Alhaji," in ji Kawu. "Ƙara da yawa, ƙura babu."

Amma akwai ranar da injin ya rama mini. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da ake jerawa a gicciye, kowanne da tsagar da yake zama a ciki, kuma in tsaga ɗaya ta goce ko da kaurin gashi, sautin ya lalace. Wannan aikin yakan ci wa Kawu yini guda a lokacin da hannunsa ke lafiya. Injin ya gama shi kafin shayi ya huce. Kawu ya karɓa, ya bi tsagogin da farcen hagu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Sannan ya ce in ƙara yanka biyu. Daga bakinsa wannan kirari ne. Kaina ya kumbura, na fara tafiya a Lamorde ina amsa gaisuwa da ɗaga hannu kawai.

Saura jikin jitar. Don shi muna buƙatar tsohuwar jitar Kawu da za mu auna, kuma guda ɗaya muka ji labarin ta tsira. Tana hannun wata malamar firamare a wajen Betso, ita ke jagorantar waƙa a cocinsu. Ranar gudu ta bar keken ɗinkinta, ta naɗe jitar a zani ta ɗora a ka. Ta kawo mana ita da kanta, ta ce kwana biyu kawai.

"Ticha, ka kula da shi fa. Shi ne ya raka ni har tsallaken kogi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba da daɗewa ba za ta samu sabuwa fil, irinta sak, har ma ta fi. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

Na kwantar da jitar a kan babbar takarda na bi gefenta da fensir, na auna, na shigar da komai cikin kwamfuta. Da siffar ta fito a gabana sai na ga abin da ya ba ni kunya a madadin Kawu. Jita tana da ƙugu, inda jikinta ke shiga ciki ta gefe biyu. Na Kawu bai daidaita ba. Gefen sama lafiya lau, amma na ƙasa ya fi zurfi, ya kuma matsa wajen wuya da kusan yatsu uku. In ɗalibina ya kawo mini wannan zanen, jan biro zai sha.

Ban tambaye shi ba. Na ce a raina, tsoho ne, bai yi makaranta ba, da ido yake awo, me zai sa in tona masa asiri? Kwamfuta tana da wata dabara, ka ɗauki rabin zane ka kifa shi ya zama ɗaya rabin. Na ɗauki gefen sama mai kyau na kifa, na goge karkataccen, na adana sabon a kan tsohon. Har na ji daɗin kirkina. Takardar da na zana kuwa ta yi kwanaki a ƙarƙashin gwangwanin gam, daga baya na share ta tare da ɓawon katako, mai ƙosan bakin layi ta kwashe ta hura wuta.

Da injin ya yanke fuskar jitar ta farko, na miƙa wa Kawu. Ya juya ta gaba da baya. Ya ɗora ta a gwiwarsa ɗan lokaci, ya ɗauke. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya miƙe," in ji shi. "Sosai ya miƙe."

Na ce na gode.

Mun yi makonni muna haɗa guda uku. Shi yana zaune yana ba da umarni, ni ina lanƙwasa gefuna a jikin bututun ƙarfe mai zafi, ina shafa gam, ina ƙona yatsu. Ya koya mini komai, yadda ake ƙwanƙwasa katako a saurari muryarsa, yadda ake jiran gam ba a yi masa gaggawa. Maganar ƙugu ce kaɗai bai taɓa tayarwa ba. A wurin su Kawu ba a gaya wa babban mutum mai iyali, mai takardar makaranta, cewa ya yi kuskure. Akan bar shi ya kai aikin inda aikin zai gaya masa da kansa. Haka ubangidansa ya koya masa, haka ya koya wa duk wanda ya taɓa riƙe masa zarto.

Wata Asabar da rana muka kai su Betso, lokacin da 'yan waƙa ke gwaji. Mota ta ajiye mu a bakin hanya, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin dawa, ni da jita biyu a kafaɗa, Kawu da ɗaya. Cocin ba shi da rufi tun lokacin gudu, saboda haka da na tsallaka ƙofar ban tabbata ko na shiga ko ina waje ba. Kujerun katako babu ko ɗaya. Amma irin waɗannan cocin tun asali benci na ƙasa suke ginawa, dogayen dakali marasa tudu a jere, kuma su wuta ba ta same su ba.

Malama ta yi guɗa da ta ga jita uku suna ƙyalli. Ta zauna a dakali, ta ɗora ɗaya a cinya, ta ɗaure wayoyin ta fara. Sautin ya yi daɗi, har yau ina alfahari da wannan. Mata suka ɗauki waƙa. A layi na biyu sai na ga wuyan jitar ya sunkuya ƙasa. Ta ɗago shi. Jikin ya zame wajen cikinta, ta tura shi da gwiwar hannu. Ya sake zamewa ta gefe. Ta bi shi, ta rasa waƙar, mata suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Ticha," ta ce, "jitan nan yana gudu."

Na ce ƙila santsin fenti ne, ko zaninta. Wani dattijo mai wando ya karɓa ya gwada, ta gudu a hannunsa shi ma. Aka gwada ta biyu da ta uku. Injin ya yi aikinsa da gaskiya, duka ukun gudu iri ɗaya suke yi.

"Muryansa yana da kyau," in ji Malama, tana neman abin da za ta ba ni in riƙe. "Zama ne ba ya yi."

Kawu ya nuna mini dakalin da haɓa.

"Zauna, Ticha."

Na zauna. Dakalin gajere ne, gwiwoyina suka taso sama da ƙuguna, cinyata ta zama gangara. Ya ɗora mini jitar. Kafin in gyara hannu ta fara tafiya. A nan na gane. Jitar kanti an yi ta ne don mai zama a kujera, cinyarsa a shimfiɗe. Kawu ya shekara da shekaru yana kallon mutanensa a kan dakalin ƙasa, sai ya zurfafa ƙugun ƙasa ya matsar da shi don ya kama cinya ya tsaya. Abin da na goge don in rufa masa asiri, shi ne aikin gaba ɗaya.

Yana murmushi. Ban ga ya yi irin wannan murmushin ba tun dawowarmu. Ya jira makonni don wannan lokacin, kuma ya same shi yadda yake so, a gaban jama'a.

"To, benci ya gaya maka," in ji shi. "Ni in na faɗa, za ka ce tsoho. Gobe ka ɗauko takardan da ka zana, mu yanka na gaskiya."

Na ce takardar babu.

"A cikin kwamfuta fa?"

Na ce na adana sabon a kan tsohon. Bai gane ba, sai na sake faɗa da Hausar da kowa zai gane: na goge.

Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba tukuna. Ya juya wajen Malama.

"Ba komai. Malama, a ara mana tsohon kuma."

Ta dubi ƙasa. Ta ce ai tun da Ticha ya yi alkawarin sabo, ta aika tsohon wa 'yan'uwansu da har yanzu suke zaune a tsallaken iyaka, ba su da abin waƙa ko ɗaya. Bayan an kai musu kuma, an ce sun tashi daga inda suke, ba a san inda suka nufa ba.

Babu wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni. Matan suka yi mana godiya, suka ba mu gyaɗa a leda, suka ce za su ɗaura wa jitar igiya su rataya a wuya. Muka dawo ta cikin dawar, Kawu yana gaba ina baya, bai juyo ba har bakin hanya.

Na yi wata biyu ina nema. Duk inda aka ce an ga jitar Kawu na je. A wani ƙauye na samu wuya ba jiki. A wani na samu jiki da bango ya faɗo masa, ba a gane ƙugu daga kafaɗa. A Uba aka yi mini rantsuwa akwai guda lafiyayya, na je na tarar ta kanti ce. Na gwada ƙirƙiro ƙugun da kaina, na gina dakali a bayan rumfa, na yanka kwali na zauna ina gwadawa kamar mai jinya. Wani ya kama cinya amma ya tura wuya sama, wani ya zauna amma hannu ba ya kaiwa. Na gane ba zurfi kaɗai ba ne, akwai yadda layin ke shiga da yadda yake fita, kuma ban san ko ɗaya ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin Kawu, don kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta hana duk wannan. Na san shi ma yana wannan lissafin, don ya daina yi wa injin ba'a.

Wata safiya na zo na tarar ya riga ni rumfar. Ya shimfiɗa babbar takarda a kan teburin injin, ya danne kusurwoyinta da guntayen katako, ya feƙe fensir.

"Riƙe mini takardan," in ji shi.

Na riƙe. Ya kama wuyan hannun dama da hagu, ya sa fensir ya fara daga kafaɗar jita ya gangaro. Layin ya fito yana kaɗawa, ya shiga, ya fita, ya sake shiga inda bai kamata ba. Ya tsaya ya numfasa, ya koma sama ya sake jan wani a kansa. Ya ja na uku. Ya ja har na daina ƙirgawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan takardar. Da ya ajiye fensir, wurin ƙugun ya zama baƙin daji mai faɗin tafin hannu, layuka suna hawa kan juna.

"Yana ciki," ya ce. "Ɗaya daga cikinsu ne. Kai ka iya gyara, ka cire rawan, ka bar na gaskiya."

Na duƙa na duba. Kowane layi yana da lanƙwasa, kuma ban iya bambance wadda ya yi da niyya da wadda ciwo ya yi masa ba. Sau ɗaya na taɓa yanke irin wannan hukuncin da kaina, mun ga inda ya kai mu.

"Kawu, ka nuna mini wanne ne. Ko da yatsa."

Ya gyara tabarau ya sunkuya kusa da ni. Ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya bi shi kaɗan, ya ɗauke. Ya ɗora a kan wani. Mun daɗe a haka, kanmu kusan haɗe.

"Ɗana," ya ce a hankali, "ni ma ban sani ba. Ban taɓa sani ba. Hannun ne ya sani."

Ya ɗaga shi tsakaninmu, muka tsaya muna kallon sa yana rawa.